Kunnen Ustad Basharat

Duk wanda ya taɓa sayen kayan sauti a kasuwar Titin Hall ta Lahore ya san Ustad Basharat Gondal, kuma da wuya ka sami mutum guda a cikinsu da zai ce yana ƙaunarsa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, gemunsa jawur da lalle, muryarsa kuwa in ya ɗaga ta a bakin kasuwa sai na saman bene sun leƙo. Bai iya gaisuwa ba, bai iya ban haƙuri ba, godiya kuwa ko a mafarki. Abu ɗaya Allah ya ba shi, kunne, kuma da shi ya yi ta cin zarafin bayin Allah har ya tsufa.

Sana'arsa gyaran amfilifaya da lasifika, shi ya sa ake ce masa Ustad, wato gwanin sana'a. Tun yana saurayi ya koya a wurin wani tsoho mai gyaran garmaho, daga baya ya kama ɗan shago a ƙarƙashin matakala, ya shekara da shekaru a ciki da ƙarfen liƙi a hannu da hayaƙin dalma a ido. A zamaninsa sai a kawo amfilifaya a kunna, ya karkata kai kaɗan, ya ce, "Buɗe ta gefen hagu, akwai abin da ya kusa ƙonewa." A buɗe, a tarar haka ne. Wannan ko maƙiyansa ba sa musu. Matsalar ita ce ba ya tsayawa a kan kayan, sai ya haɗa da mai su.

"Wa ya sayar maka da wannan gwangwanin? Kai kuma ka karɓa, da kunnuwa biyu a kanka? Na katako ne, ko ado aka yi maka da su?"

Magidanci da girmansa, da 'ya'yansa a gida, sai ya tsaya yana murmushin yaƙe ana yi masa dariya.

Wanda ya fi kowa shan wannan bakin shi ne Liyakat Dar. A wurin tsoho ɗaya suka koyi aiki, a kwano ɗaya suka ci. Liyakat ya bar gyara ya koma saye da sayarwa, har ya kama babban shago a bakin titi. Wata shekara, ana gab da lokacin bukukuwan aure, ya shigo da lasifikoki mota guda, ya kira tsohon abokinsa ya saurara a gaban jama'a, yana zaton zai sa masa albarka. Basharat ya saurara, ya tofar da yawu, ya ce ƙarar suyar kifi a kasko ta fi wannan daɗi. Kafin la'asar magana ta zaga kasuwa, kayan suka yi kwantai. Liyakat ya rasa shagon, ya sauka wani ɗan lungu a ƙarƙashin ƙasa inda ba iska ba rana, a nan ya tsufa yana sayar da wayoyin wuta da ƙananan kaya.

Tun daga ranar ba sa ga maciji, amma kuma ba su rabu ba. Duk Lahadi bayan la'asar, in tsofaffin masu son kiɗa suka taru a ɗakin benen Basharat, Liyakat yana nan a kusurwa da kofin shayinsa. Ba kiɗa ke kawo shi ba, zuwa yake don ya ƙaryata duk abin da mai gidan ya faɗa. Shi kuma Basharat ba ya korarsa, don zagi ba ya yi masa daɗi in babu Liyakat a wurin.

Da ƙarfi ya ragu ya saki shagon, amma sunan bai sake shi ba. Kowace safiya yana kan benci a wurin mai shayi na bakin kasuwa, ana kawo masa kaya yana yanke hukunci. In ya ce abu yana da kyau, a saya. In ya yamutsa fuska, kayan sun mutu. 'Yarsa guda, Samina, tana aure a Faisalabad, aboki kuwa bai ajiye ko ɗaya ba. Wannan bencin da wancan ɗakin bene su ne duk mutuncinsa a duniya, kuma a kan kunne kaɗai suke tsaye.

Kunnen kuwa ya riga ya tafi.

Ba rana ɗaya ya tafi ba. Shekarun da ya yi yana cusa kai a bakin manyan lasifikokin biki da na taron siyasa su ne suka ci shi a hankali. Da farko tsuntsayen bishiyar ƙofar gida suka yi shiru, ya ce hayaƙin gari ne ya kore su. Sai ƙararrawar ƙofa ta daina aiki, ya kwance ta ya gyara, ya sake gyarawa, alhali lafiyarta lau. Daga nan duk wani siririn sauti ya ɓace masa, aka bar shi da wani ƙugi a cikin kai irin na gyare, ba dare ba rana. Abin da ya rage sai mai nauyi: ganga, babur, da muryar namiji in an ɗaga ta kuma yana kallon bakin mai ita. Matarsa Shagufta kaɗai ta gane. Ranar da ta ce ko za su je wurin likita, sai da ya ƙaurace wa girkinta, yana cin nihari, wato farfesun nama, a kasuwa, har ta gaji ta ba shi haƙuri.

To, mai girman kai ba ya rasa dabara. Ya koyi karanta leɓe. Ya koyi cika wuri da surutu don kada wani ya sami sararin tambayarsa. In magana ta wuce shi sai ya hau mai ita da faɗa: "Buɗe baki ka yi magana, kana ta ƙunƙuni kamar mai ciwon haƙori!" Da yake kowa ya san shi da rashin mutunci, ba wanda ya ga wani canji. In aka kawo masa kaya, sai ya ɗauka ya auna nauyinsu a hannu, ya duba kaurin waya, ya karanta ƙasar da aka ƙera su. Sannan ya naɗe rawaninsa na kafaɗa ya rufe ido da shi, kamar yadda ya saba tun ƙuruciya, ya ɗaga yatsa ɗaya yana bin waƙa, ya faɗi hukuncin da hannunsa ya riga ya yanke. Sau tari kuma ya dace, don kaya mai nauyi ba kasafai yake ba da kunya ba.

Ana nan sai zamani ya juya masa baya. Kaset ya mutu, faifai ya bi shi, waƙoƙi suka koma cikin waya da kwamfuta. Tsofaffin nan kowa yana da amfilifaya ta ji da gani a gida, amma in suka jona mata waya kai tsaye sai sauti ya fito a bushe, ba armashi. Aka ce ai sai an sa wani ɗan akwati a tsakani, shi ne zai karɓi waƙar a yadda kwamfuta ta adana ta, lambobi zalla, ya juya ta ta koma sautin da amfilifaya ta sani. 'Yan kasuwa suna kiransa dak. Masu tsadar suna gidajen attajirai, masu arahar kuwa suka cika lungun Liyakat har rufi. Basharat ya tsani abin nan tsana mai tsanani. Ba nauyi, ba inda za a buɗe, ba abin da za a liƙe da dalma. Hannu ba shi da abin da zai gaya masa.

Wata Lahadi da zafi ya yi zafi, Malam Irshad ya hau benen da jaka a hammata. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, mutum mai sanyin hali, ɗansa da ke Dubai ya aiko masa da kwamfuta cike da tsofaffin waƙoƙi. Ya zazzage akwatuna uku a kan teburin da ke bayan kujerar Basharat, duk masu araha, ya aro su daga shaguna daban-daban. Ɗaya fari ne da ƙwan fitila a kansa, wai ƙwan yana sa sauti ya yi taushi. Ɗaya baƙi ne mai faɗin littafi, yana da filoginsa na kansa. Na ukun bai wuce kwalin ashana ba, daga jikin kwamfuta yake shan wuta, kuma daga shagon Liyakat ya fito.

"Ustad, a taimaka a zaɓa mini," in ji Irshad. "Ni duk ɗaya nake jin su."

"Ai dole ka ji su ɗaya. Wanda ya ƙare rayuwarsa yana buga hatimi, me zai ji?"

Ya miƙa hannu zai ɗauki farin. Liyakat ya taso daga kusurwa ya dafe akwatin.

"A'a, tsoho. Yau ba da hannu za a saurara ba."

"Me ka ce?"

Liyakat ya zagayo gabansa. "Na ce ba albasa muka kawo maka awo ba. Kullum sai ka juya kaya, ka karanta gindinsu, sannan ka rufe ido ka yi mana wa'azi. Yau rufe idon tukuna, mu jona wanda muka ga dama a bayanka. In da gaske kunne ne, mu gani."

Basharat ya janye hannunsa. Ya dubi fuskokin da ke ɗakin, tsofaffi wajen takwas, babu wanda bai taɓa shan zaginsa ba a cikinsu, kuma duk sun zuba masa ido. In ya ƙi, ya amsa laifi ke nan. Ya dai yi ta maza.

"Kai ne za ka gwada ni? Kai da ba ka bambance sarewa da kukan jaki? Ɗan tireda kawai, ɓeran ƙarƙashin ƙasa!"

"Na ji, na gode. Rufe idon."

Basharat ne ya zaɓi waƙar. Tsohuwar waƙa ce ta wata zabiya da ta daɗe da rasuwa, ya san ta ciki da bai tun a faifan garmaho. Gogen sarangi ne ke buɗe ta shi kaɗai, siriri, ya yi ta ja, kafin 'yan gangunan tabla su shigo, sannan murya. Ya ce a fara daga inda ganga ta shiga, ba shi da lokacin ɓatawa. Ya tuɓe takalma ya shimfiɗa tafin ƙafa a kan daɓen katakon ɗakin. Ya ce wa Irshad in ya saka ya taɓa kafaɗarsa, kuma duk wanda ya yi tari ana saurare ya sauka ƙasa. Ya rufe ido.

Irshad ya taɓa shi. Ganga ta taso ta cikin katako ta shiga ƙafafunsa, mai kauri, mai kumbura. Ya bari ta ɗan yi tafiya, sannan ya ɗaga hannu.

"Ganga ta yi kitse, ta danne muryar baiwar Allah. Mai ƙwan fitilar nan ne. Ƙwan ado ne, don a ci kuɗin wawaye aka maƙala shi."

Ya ɗaga rawanin ya ga suna gyaɗa kai suna kallon juna. Ya dace! Wani sanyi ya ratsa shi. Ya kurɓi shayi, ya harari Liyakat, ya sake rufe ido.

Na biyun gangarsa a tsuke take, ba ta kumbura. Ko baƙin ne ko ƙaramin, bai sani ba, don haka bai kama suna ba. Ya ce ƙasa ta zauna daidai, amma sama ta yi kaifi, in mutum ya daɗe yana ji kansa zai yi ciwo. Maganar da za a iya faɗa a kan rabin kayan kasuwa ke nan, ya kuma san haka. Da ya buɗe ido sai ya ga Liyakat tsaye a gabansa ya riƙe ƙugu.

"Sama ta yi kaifi, ko? To madalla. Na ukun daga farko za a saka, daga goge. Ganga ai ko bango yana jin ta."

"Gidanka ne, da za ka ba da oda?"

"Tsoro kake ji?"

"Tsoron wa? Kai? Irshad, saka daga farko. Yau sai na kunyata wannan ɗan tasha a gaban kowa."

Ya rufe ido. Irshad ya taɓa kafaɗarsa.

Babu komai. Ƙugin gyaren nan ne kawai a kansa, da iskar fanka a wuyansa. Dama ya san haka za a yi, rabonsa da jin wannan gogen har ya manta. Amma gogen yana cikin kansa, kowane lanƙwasa, kowane numfashi. Sai ya ɗaga yatsa ya fara bin sa daga ƙwaƙwalwa. Yatsa ya hau, ya sauko, ya karkata. Ya lissafa cewa in ya bi a hankali har ganga ta shigo, ƙafafunsa za su karɓe shi, ya tsira.

Goge bai yi nisa ba aka ɗauke wuta.

Ɗauke wuta a lokacin zafi a Lahore ai ba labari ba ne. Inbata, na'urar da ke ba gida wutar batiri, ta yi ɗan kukanta, siriri, ta karɓi fanka, fanka ta ci gaba da juyawa. Amfilifaya ce kaɗai ta mutu, don Basharat da kansa ya haramta mata wutar batiri tun ranar da aka kawo inbatar, ya ce tana da datti, tana ɓata sauti, ya kuma zagi duk wanda ke jona tasa. Lasifikoki suka yi tsit. Irshad ya buɗe baki zai yi magana, Liyakat ya damƙe hannunsa, ya sa yatsa a leɓe.

Basharat kuwa yana can yana ta tafiya. Yatsa yana hawa yana sauka a cikin ɗakin da ba a jin komai sai fanka. Ya fara kaɗa kai. Ya saki wani ɗan nishi na jin daɗi. Da ya isa inda gogen ke hawa can ƙololuwa, sai ya ga ya kamata ya ƙara gishiri, don a tabbatar yana ji.

"Kai! Kun ji? Kun ji izga tana shafar tsirkiya? Ga sama tas, ba kaifi, ba hazo. Irshad, wannan shi ne akwati, shi za ka saya. Duk wanda bai ji bambancin nan ba kurma ne, ya je ya nemi magani!"

Ba wanda ya motsa. Wani tsoho ya sunkuyar da kai yana kallon ƙafarsa.

Yatsa ya sauko, ya iso daidai inda ganga za ta shigo. Basharat ya danna tafin ƙafa a katako yana jira. Ganga ba ta zo ba. Ya ce a ransa ko ya yi sauri ne, ya ƙara jira. Katako shiru. Gumi ya keto masa a ƙarƙashin rawani. Ya bar yatsan a sama, ya rasa inda zai kai shi, sannan a hankali ya janye rawanin daga ido.

Fitilar amfilifaya a mace. Alluran da ke rawa a fuskarta sun kwanta. Ya dubi mutanen, ya ga babu mai mamaki a cikinsu, kowa ya riga ya gama mamakinsa. Nan ya gane ba yanzu aka ɗauke ba.

Liyakat ne ya fara dariya. Dariyar ƙeta, tun daga ciki, har da dafa bango, har da hawaye. Da ya samu numfashi ya matso dab da fuskar Basharat ya ɗaga murya.

"Izga tana shafar tsirkiya! Wayyo Allah cikina! Ashe kurma ne ke zaɓa wa Lahore kayan sauti! Saboda wannan kunnen na tsufa a rami, jama'a, ku dube shi!"

"Lasifikokinka a ranar na ji su sarai," in ji Basharat. "Gwangwani ne, kuma ko yau aka kawo su gwangwani ne."

Liyakat ya daina dariya. Ya dube shi ido cikin ido, sannan ya shiga motsa baki, a hankali, da ɗaga gira, da nuni da hannu, ba tare da ya fitar da ko ɗigon sauti ba.

"Me ka ce?"

Ai kuwa ɗakin ya fashe da dariya. Har Irshad mai sanyin hali sai da ya toshe baki da hula, kafaɗunsa suna girgiza. Kaico, tsofaffi masu jikoki! Amma kowannensu yana da tsohon miki, kuma yau aka ba su gishirin zubawa a na wani.

"Ku fice mini daga gida! Ku fice, matsiyata, 'yan baƙin ciki!"

Suka sauka suna tuntuɓe da juna. Irshad ya tattara akwatunansa, kuma a ranar ya sayi ƙaramin nan na Liyakat, wanda dama shi aka jona na uku. Liyakat ya ce daga yau ga kirarin kayansa: akwatin da Ustad ya yaba, ko ba wuta yana da daɗi.

Wani mai hankali da ya kwana biyu a gida ya bari ƙura ta lafa. Basharat kuwa washegari ya sa farar riga mai guga, ya taje gemu, ya nufi kasuwa a lokacin da ya saba. A ganinsa rashin zuwa shi ne faɗuwa. Ya shirya abin da zai ce: mura ce ta toshe masa kunne, kuma da gangan ya yi, don ya ga wanda zai yi ƙarfin halin gyara masa.

Bai sami damar faɗa ba. Liyakat ya riga shi zuwa.

Mai shayi ya tare shi da fara'a, hannu a ƙirji, bakinsa yana motsi. Ba sauti. Basharat ya zaci ragowar jin ma ta tafi. Sai babur ya wuce ya ji ƙararsa, ya kuma hango masu shaguna a bayan mai shayin suna ƙunshe dariya. Ya kifar da kofin da aka miƙo masa, ya wuce.

Haka aka yi masa tun daga bakin kasuwa har ƙarshenta. Mai sayar da batura ya fito ya riƙe hannunsa, yana ta zuba labari da baki ba murya. Mai gyaran talabijin ya leƙo daga bene yana kiran sa da leɓe. Wani da Basharat ya taɓa ce masa kunnensa ado ne ya kawo rediyo a kashe, ya kara masa a kunne, yana ɗaga gira wai ya ya ji sautin. Mutanen nan ba su da imani, wallahi, kuma ba su gaji ba. Shi ma bai rage musu ba, ya zagi wannan, ya zagi uban wancan, ya tona asirin wanda ke sayar da tsohon kaya a sabon kwali. Amma zagin da ba ka jin amsarsa ba ya kashe ƙishi. Suna ta dariya, yana ganin haƙoransu.

Abin da ya fi ci masa rai, tun yana rarrabe mai tsokana da mai magana ta gaskiya har ya kasa. A tsakiyar kasuwa wani dattijo da bai sani ba ya tsayar da shi, bakinsa yana motsi, fuskarsa ba wasa. Tsokana ce, ko tambayar hanya yake da ƙaramar murya? Basharat ya ƙura wa leɓensa ido, ransa a ɓace, ya kasa kama ko kalma ɗaya. Ya ture shi ya wuce. Da ya waiga, dattijon yana tsaye baki sake, ba dariya yake ba.

A bakin matakalar da ke sauka rami ya tarar da Liyakat a kan kujera, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana cin samosa. Shi bai ma wahalar da bakinsa ba. Ɗaga yatsa ɗaya kawai ya yi, ya lumshe ido, ya fara kaɗa shi sama da ƙasa.

Basharat bai koma benci ba. Ya tari keke mai ƙafa uku ya nufi gida tun rana ba ta take ba. A hanya ya ƙi kallon direban, don kada ya ga bakinsa.

Ya tura ƙofa ya shiga, ya zube a kan gadon igiya da ke tsakar gida, ko takalmi bai cire ba. Farar rigar ta jiƙe sharkaf, shayi ya ɓata gabanta. Shagufta ta fito daga madafa da gari a hannu. Shekaru ke nan da ihu take yi masa magana, kamar mai kiran wani a hayin titi, har ta manta tana da wata murya. Amma yau ta ga abin da ba ta taɓa gani ba tun da aka kawo ta gidan nan: mutumin ya ƙanƙance. Tausayi ya kama ta. Ta goge hannu, ta zo ta tsuguna a gabansa, ta yi masa magana a hankali, da taushi.

Ya ga leɓenta suna motsi. Bai ji komai ba.

Ya miƙe zumbur, idanunsa jajur. "Har da ke? Har gidana Liyakat ya aiko? Ke ma kin shiga cikinsu, munafuka? Tashi ki ba ni wuri!"

Ya hankaɗe ta ya haye bene, ya banko ƙofa ya sa sakata. Shagufta ta zauna daɓas a ƙasa tana kallon matakala. Ita ko labarin kasuwa bai iso mata ba. Cewa ta yi, "Baban Samina, sannu. In kawo maka ruwa?"